Sun ce sai na cika atandans zan zauna jarabawa, ni kuma shago ne ke ciyar da gidanmu

Assalamu alaikum Baba. Ni ɗalibi ne a aji uku a wata jami'ar gwamnati, ina karanta tsimi da tanadi. Bara Allah Ya yi wa mahaifinmu rasuwa, ya bar mana shagon kayan masarufi a kasuwa. Ni ne babba, don haka riƙon shagon ya dawo hannuna. Da shi muke ci, da shi nake biyan kuɗin makarantata da ta ƙannena huɗu. Da safe ake sauke kaya, da safe ake ciniki, shi ya sa lakcocin safe kusan duk suna wuce ni. Amma ina karanta handawut da daddare, ina aron littafin abokina in kwafa, kuma har yau ban taɓa faɗuwa kwas ko ɗaya ba. Abokin nawa ne yake sa mini hannu a takardar atandans. Makon jiya wani malaminmu ya ƙirga mu, ya ga sunaye sun fi mutane yawa. Ya ce daga ranar da kansa zai riƙa kiran suna, wanda bai cika kashi 75 cikin 100 ba ba zai shiga jarabawarsa ba, wanda kuma ya kama yana sa wa wani hannu zai miƙa shi ga kwamiti. Baba, wannan adalci ne? Mu fa ba yara ba ne. Shi kansa malamin yakan yi mako biyu bai leƙo mu ba, in ya zo ma abin da ke cikin handawut ɗin yake karanta mana. In dai zan ci jarabawa, ina ruwan wani da inda na zauna na koya? Raina ya ɓaci har na fara tunanin ajiye karatun. Mahaifiyata ba ta san halin da ake ciki ba, ba na son in ƙara mata damuwa.

Ɗalibi mai shago

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya haskaka kabarinsa, Ya yi maka albarka a kan wannan nauyi da ka ɗauka. Saurayin da zai wuni a kasuwa, ya dawo gida a gajiye ya buɗe takarda, ya kai aji uku ba tare da ya bar kwas ko ɗaya a baya ba, ba malalaci ba ne. Ina so ka riƙe wannan a ranka kafin mu shiga maganar, domin akwai wuraren da zan goya maka baya, akwai kuma inda zan ce maka ka yi kuskure.

Ka tambaye ni ko adalci ne. Abu na farko da ya kamata ka sani, malamin nan ba shi ya ƙirƙiro dokar ba. Sharaɗin halartar kashi 75 cikin 100 na lakca kafin a bar ɗalibi ya zauna jarabawa yana rubuce a littafin dokokin ɗalibai na mafi yawan jami'o'in Najeriya, wancan ɗan littafin da ake rabawa a shekarar farko, da yawa su jefa shi ƙasan akwati. Dokar takan yi barci shekara da shekaru, babu mai waiwayarta, har ɗalibai su ɗauka babu ita. Ranar da wani malami ya tashe ta kuwa, hukumar makaranta bayansa za ta bi, ba bayanka ba. Don haka kada ka shiga wannan al'amari da tunanin cewa za ka kayar da shi da hujja.

A ra'ayina, kana da gaskiya a wani ɓangare mai girma. An tsara wannan doka ne da hoton wani ɗalibi a zuciya: yaro mai zama a hostel, ubansa na aiko masa da kuɗi, ba shi da wani aiki sai tafiya daga ɗaki zuwa aji. Irin wannan ɗalibi yana nan, amma ba shi kaɗai ne a jami'a ba yanzu. Akwai mai tuƙa adaidaita, akwai tela, akwai matar aure mai goyo, akwai irinka mai riƙe da gida. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana ɗalibin da ke zuwa daga cikin gari shiga aji kullum. Sannan ga ɗakunan lakca da ake cusa ɗaruruwan mutane, na baya ba ya jin abin da ake faɗa, wasu a tsaye, wasu a bakin taga. A ce wa mutum dole ya bar neman abincinsa ya zo ya tsaya a bakin taga don kawai a ga sunansa a takarda, wannan bai yi mini daɗi ba, kuma ba zan ce maka ya yi ba. Da ni ake tambaya, da na ce a wajabta halarta a inda ba a iya koyo sai da hannu da ido, kamar ɗakin gwaje-gwaje, da zagayen asibiti na ɗaliban likitanci da jinya, da koyarwar gwaji ta ɗaliban malanta, da aikin gona. Sauran kwasa-kwasan kuma a ware wa halarta 'yan maki a cikin makin tes da jinga, wanda ya zo ya samu, wanda bai zo ba ya rasa, amma kada a rufe wa mutum ƙofar jarabawa gaba ɗaya. Hukuncin ya fi laifin nauyi.

Sai dai akwai wata magana a wasiƙarka da ban yarda da ita ba, wato cewa in dai za ka ci jarabawa shi ke nan. Wasu masana a Amurka sun tattara bincike masu yawa a kan wannan batu suka fitar da sakamakonsu a 2010. Sun gano cewa zuwa aji yana da alaƙa mai ƙarfi da samun maki mai kyau, har ya fi makin da ɗalibi ya shigo jami'a da shi nuna yadda zai kasance. Amma kuma sun ga cewa tilasta wa ɗalibai zuwa ɗan ƙari kaɗan yake kawowa. Ka ga ke nan binciken ya ba ka rabin gaskiya, ya ba malaminka rabi: tilas ba ta da wani amfani mai yawa, amma zaman ajin kansa yana da shi. Kai ka ce ba ka taɓa faɗuwa ba, na kuma yaba maka. To amma da wane maki kake tsallakewa? C da D suna fitar da mutum daga kwas, amma a hankali suke jan matakin digirinsa ƙasa, kuma wuraren aiki da yawa da masu ba da tallafin ƙaro karatu matakin digiri suke fara dubawa kafin su kalli fuskar mutum. Ga shi fannin da kake karantawa daga aji uku yake ƙara nutsewa cikin lissafi da ƙididdiga. Irin waɗannan darussa, handawut yana nuna maka farkon lissafi da ƙarshensa ne, matakan tsakiya a kan allo ake yin su, a nan ne wani zai ɗaga hannu ya yi tambayar da kai ma take damunka. Kai ɗan kasuwa ne, ka fi ni sanin cewa yaron shago ba ya koyon ciniki daga littafin da maigida ke rubuta farashi. A zaune yake koyonsa, yana kallon yadda ake taya kaya, da wanda ake ba bashi da wanda ake ba haƙuri. Wani ɓangare na karatun jami'a haka yake. Baɗi kuma za ka yi aikin bincike na kammalawa, a ba ka malamin da zai duba ka, wata rana ka buƙaci wanda zai rubuta maka takardar shaida. Malami ba ya iya shaidar ɗalibin da bai taɓa gani ba.

Shi ma malamin ka ɗan tsaya a inda yake tsaye. Ba na kare fashin da yake yi. Dokar da ta ɗaure ɗalibi ya zo ya kamata ta fi ɗaure wanda ake biya albashi ya koyar, kuma malamin da ke karanta wa manyan mutane takardar da ke hannunsu ya rage wa aikinsa daraja. Amma ka tuna mutum ne da ya shiga aji ya tarar da takarda cike da sunaye, kujeru kuwa ba kowa. Wannan raini ne, kuma duk wanda aka yi wa haka zai ji zafi. Malaman nan su ne suka yi yajin aiki na wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, aka riƙe musu albashi, aka dawo aka matse zangunan karatu, mutum ɗaya yana fama da aji uku ko huɗu masu cike da jama'a. Sannan ranar yaye ɗalibai, jami'a shaida take bayarwa cewa ta sami mutum ya cancanta a ɗabi'a da ilimi. Sa hannun malamai ne a bayan wannan shaida. Wanda ya ɗauki hakan da muhimmanci ba maƙiyinka ba ne, ko da yana da nasa aibin.

Yanzu ga inda nake so ka saurare ni da kyau. Maganar sa hannun nan ta tsaya daga yau, a dukkan kwasa-kwasai, ba a ajin wannan malami kaɗai ba. Abokinka yana ƙaunarka, shi ya sa yake yi, amma ka duba wa ke ɗauke da haɗarin. Kai kana shago, shi ne biro ke hannunsa. In aka kama, shi za a tsayar gaban kwamitin ladabtarwa, kuma jami'o'i suna ɗaukar sa hannun bogi da sojan gona a matsayin babban laifi, wanda kan kai ga dakatarwa, wani lokaci har kora. Shi ma yana da iyayen da suka zuba masa ido. In karatunsa ya lalace saboda kai, ba ka da abin da za ka biya shi da shi. Ban da wannan ma, rubuta cewa wane ya halarta alhali bai halarta ba shaida ce a kan abin da bai faru ba, kuma ka san matsayin shaidar zur a addininmu. Na san ɗalibai sun mayar da abin kamar taimakon juna, amma yawan masu yi bai canza sunansa ba. Ka same shi ka yi masa godiya, ka ce ka sauke masa wannan nauyi. Littafinsa da kake ara ka ci gaba da ara, wannan taimako ne mai tsabta.

Akwai abin da na lura da shi a maganar malamin wanda kai fushi ya hana ka gani. Cewa ya yi daga ranar zai fara kiran suna. Bai ce zai koma baya ya tono tsofaffin takardu ba. Ina ganin ƙofa ce ya bari a buɗe, kuma mai hankali shiga yake yi tun ba a rufe ba. Ka zauna da jadawalin lakcocinka ka yi lissafi irin na kasuwa. A ƙa'ida zangon karatu mako 15 ne na koyarwa, ko da yake sau da yawa ba ya kaiwa. Kwas ɗin da ake yi sau ɗaya a mako, in an zauna sau 12, kana buƙatar 9, wato kana da damar fashi sau 3. In an zauna sau 15, kana buƙatar 12. Ka ga dokar ba ta ce ka rufe shago ka tare a makaranta ba. Ka fitar da kwasa-kwasan da suka faɗo da safe, ka ga safiya nawa ce a mako. Ina kyautata zaton ba za su wuce biyu ko uku ba, kuma awa biyu ko uku ne a kowacce. Matsalar da kake gani kamar ta cinye rayuwarka duka, in ka rubuta ta a takarda, za ka tarar 'yan awanni ne a mako.

Daga nan sai ka je da ƙafarka, domin zuwa da kai ya fi aike. Ka fara da malamin da ke kula da ajinku, wanda kuke kira kodineta, don aikinsa ke nan, kuma ya san halin abokan aikinsa. Ka faɗa masa gaskiya: mahaifinka ya rasu, kai ke riƙe da gida, ka yi fashi da yawa, kana so ka gyara. Ka tafi da takardar shaidar rasuwa in akwai, da sakamakonka na baya, don shi ne zai yi maka magana fiye da bakinka. Ka rubuta buƙatarka a takarda ta hannun kodineta zuwa ga shugaban sashe, ka ajiye kwafi. Sannan ka sami malamin a ofishinsa, ba a bakin aji ba, ba a gaban ɗalibai ba, kuma kada ka kuskura ka kawo zancen fashinsa ko salon koyarwarsa. Kada ka roƙi a yafe maka zuwa aji, wannan ba zai iya ba ko da yana so. Ka roƙi abin da ke hannunsa: a lissafa maka daga ranar da ya fara kiran suna, ko a bar ka ka shiga wani rukunin in ana raba ajin, ko ya ba ka ƙarin jinga a madadin abin da ya wuce. In zancen sa hannu ya taso, kada ka yi ƙarya, amma ka ɗauki laifin a kanka, ka ce kai ka nema, ka ba da haƙuri. Ba sai ka miƙa sunan kowa ba.

Batun malamin da ba ya zuwa yana da hanyarsa, ta wakilin aji da murya ɗaya zuwa ga shugaban sashe. Amma ba kai za ka ja wannan ba, ba kuma yanzu ba.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne layin ƙarshe. Ɗana, mahaifiyarka ba ƙaramar yarinya ba ce. Ta ga rasuwar miji, ta san abin da shagon ke kawowa da abin da ba ya kawowa. Damuwar da kake gudun sa ta yau ba ta kai ko kusa da wadda za ta shiga ba ranar da ta ji an hana ka jarabawa, ko ka ajiye karatu a aji uku ba ta sani ba. Kuma akwai wani abu da nake ganin ka manta: shagon nan gado ne. Ba naka ba ne kai kaɗai, na dukkan magada ne, don haka nauyinsa ma ba naka ba ne kai kaɗai. Ka zauna da ita, ku kira baffanku ko kawunku wanda kuka fi amincewa da shi, ka shimfiɗa musu jadawalin nan. In a cikin ƙannenka akwai wanda ya gama sakandare yana jiran JAMB, ko wanda makarantarsa ta rana ce, ga wanda zai riƙe safiya biyu ko uku. In babu, a ɗauki yaro amintacce ta hannun maƙwabtan mahaifinku na kasuwa, a biya shi daga ribar shagon. Wannan kashe kuɗi ne na halal a kan dukiyar kowa. Mutanen da suka yi shekaru suna zaune kusa da mahaifinku ba za su ƙi sa ido a kan shagon marayunsa na awa uku ba in aka roƙe su da ladabi. Masu kawo muku kaya ka yi magana da su su riƙa saukewa a ranakun da kake nan ko da yamma. Ka sa a riƙa biya ta tiransifa ko POS yadda alat zai shigo wayarka, a hana ba da bashi in ba ka nan, ka ƙirga kaya masu tsada kafin ka fita da bayan ka dawo. Za a yi 'yar asara, ba zan ɓoye maka ba, wani kwastoman kai yake so ya gani. Amma ka auna ta da asarar ƙarin shekara guda a makaranta: sabon kuɗin rajista, kuɗin mota, ga kuma lakcar safen nan dai tana jiranka.

Tunda jami'arku ta gwamnati ce, ka duba rancen ɗalibai na asusun NELFUND da aka fara a 2024. Ba shi da ruwa, suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, suna kuma ba ɗalibi naira 20,000 a wata na kashewa, biya kuma sai shekara biyu bayan gama bautar ƙasa. Bashi ne, don haka ka yi shawara da mahaifiyarka kafin ka sa hannu. Amma in ya ɗauke wa shagon kuɗin rajistarka, kuɗin da za a biya yaron shago ya fito ke nan.

In duk an gwada wannan abin ya ƙi, har yanzu ajiye karatu ba shi ne na gaba a layi ba. Kana iya rage yawan kwasa-kwasan da za ka yi rajista a zango mai zuwa, ka sauko kusa da mafi ƙarancin da doka ta yarda, ka ɗan ƙara lokaci amma ka fita da maki mai kyau. Kana iya neman jingine karatu na zango ɗaya ko shekara ɗaya a rubuce, har ka horar da wanda zai riƙe shagon. Kalmar a rubuce nake so ka riƙe, domin ɗalibin da ya ɓace ba izini jami'o'i da yawa cire sunansa suke yi, wanda ya jingine bisa ƙa'ida kuwa gurbinsa na nan. Akwai kuma karatun ƙarshen mako da wasu jami'o'i ke yi, da jami'ar karatu daga gida ta NOUN mai cibiyoyi a jihohi, da tsarin karatu daga nesa irin na ABU Zariya, duk an yi su ne saboda masu sana'a. Sai dai ban so ka yi saurin komawa can ba. Ba lallai a ɗauke maka duk abin da ka yi a shekara uku ba, kuma masu karatun ƙarshen mako ba sa zuwa bautar ƙasa, takardar keɓewa ake ba su. Wanda ya rage masa zango uku ya gama, ya fi masa sauƙi ya daure ya ƙarasa a inda yake.

A daren yau ka yi wa mahaifiyarka maganar, gobe ka sami abokinka, kafin mako ya fita ka ga kodineta. Lakcar malamin nan ta gaba kuma ka tabbata kana ciki tun kafin ya shigo, ka zauna a gaba inda zai gan ka, ko da shagon zai makara buɗewa ranar. Ka sake rubuto mini in ji yadda kuka yi da shi. Allah Ya dafa maka, Ya sa albarka a cinikin da karatun.